Gudu ya dawo mini da barci, amma maigida ya ce in bari

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, malamar makaranta a Kano, shekaruna sun ɗan haura arba'in, 'ya'yana biyar. Tun bayan rasuwar mahaifiyata bara barci ya ƙaurace mini, ga ciwon kai kusan kullum. Da na je asibiti aka ce hawan jini ne, aka ɗora ni a kan magani, likita ya ce in rage ƙiba kuma in riƙa motsa jiki. Wata abokiyar aikina ta ja ni muka fara fita gudu bayan sallar asuba, muna zaga layukan unguwarmu da hijabanmu. Wajen wata biyu ke nan, kusan kullum sai na fita.

Anti, abin da na zata ba shi na tarar ba. Na hau sikeli, ko kilo ɗaya ban rage ba, sai ma yunwa da ta ƙaru. Gwiwata ta dama tana ciwo idan zan sauko daga bene ko zan tashi daga sujada, har na fara sayen maganin ciwon jiki a kemis. Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa: idan ina gudu fitsari kan ɗan zubo mini. Sai dai kuma tun da na fara nake barci har asuba, idan na dawo raina wasai, na rage yi wa yara tsawa, kukan da nake yi a ɓoye ma ya ragu.

Da farko maigida ya amince. Sai abokansa na majalisa suka fara tsokanarsa wai matarsa za ta shiga soja. Magana ta kai kunnen Hajiya mahaifiyarsa, ta ce mace mai 'ya'ya biyar ta riƙa tsere a titi zubar da mutunci ne. Makon jiya ya ce in bari, tunda ba ramewa nake ba sai ma ɗingishi. Ban yi musu ba, na bari, amma ga shi barcin ya soma guduna. In haƙura ne gaba ɗaya, ko akwai mafita?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta, ya ba ki haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda kika ratsa da sauri a tsakiya, kamar ba shi da muhimmanci. Mace mai hawan jini, mai ɗauke da raɗaɗin rashin uwa, wadda ta shafe watanni ido biyu, ta koma tana barci har kiran assalatu. Wannan babban abu ne. Da likitanki zai ji shi, na tabbata zai fi murna da shi a kan ki ce masa kin rage kilo biyu. Don haka amsata tun daga farko ita ce kada ki haƙura gaba ɗaya. Amma kuma kada ki koma yadda kika faro, domin akwai gyara a yadda kike gudun, akwai gyara a inda kike yin sa, kuma maigidanki yana da gaskiya a wani ɓangare na maganarsa.

Mu soma da sikelin, tunda shi ya karya miki gwiwa, kuma shi ne hujjar da aka kafa a kanki. Gudu ba ya ƙona abinci da yawa kamar yadda ake zato. A ƙiyasi, kowane kilo na nauyin mutum yana cin kalori ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, a kowace kilomita. Mace mai kilo 80 idan ta yi gudun kilomita 3 ta ƙona kalori kusan 240. Kwalbar lemo ɗaya ta roba tana ɗauke da kalori kusan 200. Idan kika dawo da yunwar nan da kika ambata, kika haɗa shayi mai kauri da madara da sukari, ga biredi, ga ƙosai, to kin mayar da abin da kika ƙona har da riba, ba tare da kin yi wani laifi ba, jiki ne ya nemi haƙƙinsa. Ga shi kuma a makonnin farko tsokar da ta sha aiki kan riƙe ruwa, sai sikeli ya tsaya cak ko ma ya ɗan hau. Kusan duk wanda ya fara gudu yana cin karo da wannan, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiye takalmin. Rage ƙiba a kicin ake yin mafi yawansa: yawan malmalar tuwo, yawan shinkafa a faranti, man da ake zubawa, lemon kwalba, cincin da ake ci ana hira. Kuma ke mai hawan jini, gishiri da dunƙulen ɗanɗano su ne abin da za ki fara ragewa tun kafin ki kai ga shinkafar.

Abin da gudu yake yi wa jiki sikeli ba ya ganinsa. Motsa jiki a kai a kai yana saukar da lambar sama ta awon jini da maki 5 zuwa 8 ga masu hawan jini, ko da nauyinsu bai motsa ba. A 2014 an wallafa wani babban bincike a Amurka wanda ya bi mutum sama da dubu 55 na tsawon kimanin shekara 15. An samu cewa masu gudu haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya da shanyewar jiki ya yi ƙasa da kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da marasa gudu, kuma har masu yin minti 5 zuwa 10 a rana, a hankali, sun samu wannan amfani, masu jiki da marasa jiki. Saboda haka ki sauya ma'auninki. Ki samu na'urar awon jini ta gida idan da hali, ko ki riƙa zuwa kemis mai awo, ki ware ɗan littafi kina rubuta lambar da kwanan wata, a gefe kuma ki rubuta yadda barcin daren ya kasance. Ki auna ƙugunki da tef ɗin ɗinki sau ɗaya a wata, domin sau da yawa zani da siket suna fara sanar da mace canji kafin sikeli. Kuma ina roƙonki, duk yadda lambar ta yi kyau kada ki ajiye maganin jininki da kanki. Likita ne kaɗai zai rage shi.

Sai gwiwar. A nan maigida ya yi gaskiya, ɗingishi alama ce, kuma bai kamata a rufe ido a kanta ba. Sai dai ba gudu ne ya cuce ki ba, gaggawa ce. Zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, shi ya sa kika ji numfashinki ya fara isarki, kika ƙara ƙaimi. Amma jijiyoyi da ƙashi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni kafin su kamo. Ke kuwa daga zaman shekara da shekaru kika tashi kika kama fita kusan kullum, a kan kwalta da kwararo mai gargada, ba ranar hutu. A ranar hutun ne jiki yake gyara abin da gudu ya taɓa, har ya ƙara masa ƙarfi. Wanda bai huta ba yana ta rushewa ne ba gini. Ciwon da kika kwatanta, na gaban gwiwa wanda yake tashi wajen sauka daga bene ko miƙewa daga durƙuso, yana cikin waɗanda suka fi damun sababbin masu gudu, musamman mata, kuma galibi yana da alaƙa da raunin tsokar cinya da ta ɗuwawu. Ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba. Ki je sashen fisiyo na asibiti, wato masu gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, a duba ki, musamman idan gwiwar ta kumbura, ko tana ƙagewa, ko kina jin kamar za ta zame. Amma ki cire tsoron nan da ake yaɗawa cewa gudu yana cinye gwiwa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya samu ciwon sanyin gaɓa na gwiwa da ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, alhali a marasa motsa jiki ya kai kashi 10.2. Masu gudun gasa na shekaru masu yawa ne suka haura, da kashi 13.3. Ke ba gasa kike ba.

Maganin kemis ɗin nan kuwa, don Allah ki dakata da shi yau. Idan cikin dangin ibuprofen ko diclofenac ne, kuma yawancin abin da ake miƙo wa mai ciwon jiki ke nan, to suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin wasu magungunan jinin, suna kuma wahalar da ƙoda, balle ga wadda take zufa ba ta sha ruwa sosai ba. Bayan haka suna toshe miki kunne daga jin gargaɗin da gwiwar take yi. Ki ɗauki kwalin ki nuna wa likitanki. A ziyarar nan ki tambaye shi ko maganin jininki yana cikin masu sa yawan fitsari, domin idan haka ne sai kin ƙara kula da shan ruwa, ko cikin masu rage bugun zuciya, waɗanda kan sa mutum saurin gajiya. Idan kina zubar da jini da yawa lokacin al'ada, ki nemi a duba miki yawan jini, don ƙarancinsa yana sa haki da kasala, mace ta yi ta zargin kanta da ragwanci.

Na gode da kika daure kika faɗi abin da kike jin nauyinsa, domin mata da yawa za su karanta wannan su sauke ajiyar zuciya. Zubar fitsari lokacin gudu, ko tari, ko atishawa, ko dariya, abu ne da ya yawaita ga matan da suka haihu, kuma ba ƙazanta ba ce, ba kuma tsufa ba ne. Tsokar da take tallafe da mafitsara daga ƙasa ce ta saki saboda ɗaukar ciki da naƙuda har sau biyar. Tana ƙarfafuwa kamar kowace tsoka. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da iska lokaci guda, ba tare da kin ɗauke numfashi ko kin ƙanƙame cinya ba, ki riƙe na 'yan daƙiƙu, ki saki gaba ɗaya, ki maimaita sau takwas zuwa goma, sau uku a rana. Kina zaune kina duba littattafan ɗalibai ma za ki iya, ba mai sani. Sai an dage aƙalla wata 3 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma ma'aikaciyar fisiyo za ta iya tabbatar miki ko daidai kike matsewa. Kafin nan ki kama ruwa dab da fita, ki sa audugar mata, ki ware kayan gudunki daban da na sallah, ki yi wanka idan kin dawo. Abin da ya shafi hukuncin tsarki ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ba abin kunya ba ne a wurinta. Kuskure ɗaya da nake so ki guje wa shi ne ƙin shan ruwa don gudun zubar. Hakan yana ƙara tsananta fitsarin, yana kuma cutar da mai hawan jini a garin zafi irin Kano. Idan kuma kina jin nauyi ko kamar wani abu yana saukowa ta gaba, to likitan mata za ki gani kafin ki koma gudu.

Idan gwiwar ta lafa, ga yadda nake so ki sake farawa. Kwana uku kacal a mako, da ranar hutu a tsakani. Hukumar lafiya ta Ingila tana da wani tsari na mako 9 da mutane masu ɗimbin yawa suka bi daga zama har suka kai gudun minti 30 ba tsayawa. A makon farko ana tafiya da sauri minti 5 don jiki ya yi ɗumi, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ana ɗan ƙara tsawon sassarfar. Idan mako ya yi miki nauyi ki maimaita shi, ba mai ba ki maki. Na san za ki ce ai kin wuce nan, tunda kin yi wata biyu. Huhunki ya wuce, gwiwarki ba ta wuce ba, kuma ita za mu bi. Saurin kuma ya zama wanda za ki iya yi wa abokiyarki magana cikakkiya kina cikinsa. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya take fita, kin yi sauri. Ko 'yan Kenya da Habasha da suke cinye gasar duniya, mafi yawan gudun atisayensu a natse suke yin sa. Ki rage faɗin taku, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashinki, hakan yana rage wa gwiwa duka. A kwana biyu daga cikin ranakun hutun ki ba cinya da ɗuwawu minti goma a ɗaki: zama da tashi daga kujera ba dafawa, kwanciya rigingine ki ɗaga ƙugu sama, kwanciya ta gefe ki ɗaga ƙafar sama a miƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya abin da take nema ga babba shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kin ga ba sai kin fita kullum ba.

Takalmi ma ki duba shi. Ba sai mai tsada ba, amma ya zama kambas na gudu mai taushin ƙasa, da sararin babban yatsan hannu tsakanin yatsunki da bakinsa, domin ƙafa tana ɗan kumbura idan ta yi zafi. Idan na gwanjo za ki saya, ki juya ƙasansa, wanda ya cinye ta gefe ɗaya ki bar shi. Ki nemi rigar mama mai kama jiki sosai, ki shafa basilin inda cinya take gogayya.

Yanzu mu zo kan gida, wanda shi ne ainihin abin da ya sa kika rubuto. Na yaba da yadda kika tsaya ba tare da musu ba. Wannan ya bar miki ƙofa a buɗe, kuma ya ba gwiwar hutun da dama take nema. Ina so ki kalli maigidanki da adalci. Mutumin nan ya amince tun farko, ke nan ba ƙin lafiyarki yake ba. Abin da ya same shi shi ne an sa shi a tsakiya: abokai suna yi masa dariya a bainar jama'a, mahaifiyarsa ta yi magana, ya waiwayo gida ya ga matarsa tana ɗingishi, ga sikeli bai ba shi abin da zai kare kansa da shi ba. Namiji da yawa ba zai ce an kunyata ni ba, sai ya nemo wata hujja ya riƙe. Wataƙila ma akwai tsoron da bai furta ba. Bayan asuba gari bai gama wayewa ba, kuma ba wanda yake zaune a Kano da bai san matsalar masu ƙwacen waya ba. Mata biyu su kaɗai a lungu a wannan lokaci abin damuwa ne ga duk mijin da ya damu da matarsa. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah, fitar nan ta kullum ta taɓa karin kumallo ko shirin yara na makaranta? Idan ta taɓa, to wani ɓangare na ƙorafin daga nan yake, kuma kwana uku a mako da shirya wasu abubuwan tun dare za su kashe shi.

Tambayata gare ki ita ce, ya san abin da kika gaya mini? Ya san kina kuka a ɓoye? Ya san barcin ya dawo saboda gudun, kuma ya sake tafiya da kika bari? Ina kyautata zaton bai sani ba. Shi a ganinsa maganar rage ƙiba ce, ƙiba kuma ba ta ragu ba, to me ya rage? Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki fara da gode masa, ki ce masa ya yi gaskiya game da gwiwar kuma za ki je a duba. Daga nan ki buɗe masa cikinki game da Mama da dararen da kike kwana ido biyu. Kada ki kawo sunan Hajiya, kada ki zagi abokansa, domin da zarar kin yi haka zai koma kare su. Ki roƙe shi ya raka ki ganin likita na gaba, ya ji da kunnensa abin da hawan jini yake haifarwa idan aka yi sakaci da shi, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da na zuciya. Magana daga bakin likita tana ba namiji abin da zai faɗa a majalisa ba tare da ya ji ya faɗi ƙasa ba: likita ne ya sa ta.

Hajiya kuma, ki saurari kalamanta da kyau. Ba ta ce motsa jiki haramun ba ne. A titi ta ce. Ta taso a zamanin da mace take daka da surfe da niƙa da ɗibar ruwa, jikinta yana samun aikinsa a cikin gida, ba wanda ya taɓa ganin matar aure da gudu sai in gobara ta tashi. Ba za ki sauya mata wannan da gardama ba, kuma ba sai kin sauya ba. Akwai ruwayar da Abu Dawuda da Imamu Ahmad suka kawo daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa a wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da ita ta wuce shi. Bayan wani lokaci, da ta yi jiki, suka sake, shi ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad an ambaci cewa sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba kafin su yi tseren. Ina son wannan ruwaya domin ta ba kowa nasa. Ta nuna gudun mace ba zubar da mutunci ba ne, har ma mijinta ne abokin tserenta, ta kuma nuna an nema mata wurin da idon jama'a ba ya kanta. Kada ki kai wa Hajiya ita kamar mai kafa hujja a kotu. Maigida za ki tuna wa, cikin hira, shi ya san yadda zai yi da mahaifiyarsa. Ke dai idan kin je gaishe ta ki gaya mata jikinki, ki ce jini ne ya hau, likita ya ce sai da motsi, ki nemi addu'arta. Tsohuwar da aka nemi addu'arta da wuya ta ci gaba da zama abokiyar hamayya. 'Yan majalisa kuwa ki bar su, ranar da suka daina ganinki a layi za su sami wani zancen.

Ke nan abin da za ki kai wa maigida tayi ne na sauya wuri. Ke malama ce, kina da abin da mata da yawa ba su da shi, wato filin makaranta mai katanga da maigadi. Ki nemi izinin shugabar makarantarku ke da abokiyarki ku riƙa zagaya filin kafin ɗalibai su iso, ko da yamma bayan an tashi, ko safiyar Asabar da Lahadi. Ƙasar fili ma ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Ba mamaki cikin wata guda ki ga wasu malamai mata sun biyo ku, domin masu irin matsalarki suna da yawa, wadda za ta fara kawai suke jira. Idan hakan bai samu ba, akwai wuraren motsa jiki da suke ware lokaci ko sashe na mata zalla, ki bincika na kusa da ku. Hanya ta uku, wadda na fi so idan zai yarda, ita ce shi da kansa ya riƙa kai ki, yana tafiya kina sassarfa. Namijin da ya haura arba'in shi ma ya kamata a auna jininsa, kuma rabin sa'a ku biyu ba yara ba waya abu ne da aure mai 'ya'ya biyar ba ya yawan samu. Ki ba shi zaɓin, ki kuma sa wa'adi: a gwada wata uku, a duba littafin awon jinin tare.

Idan duk ya ƙi, kada ki fita a ɓoye. Ranar da ya gano, maganar ta tashi daga gudu ta koma amana, kuma wannan ya fi wuyar gyara. Ki riƙe abin da ba mai hana ki: tafiya da sauri a tsakar gida ko harabar makaranta lokacin tara, sauka daga a daidaita sahu kafin ki ƙarasa don ki taka sauran, atisayen ɗaki, keken motsa jiki ko injin gudu idan an samu kuɗinsa, ko na hannu ne. Tsallen igiya dai ki ɗage shi tukuna, zai dami gwiwar da mafitsarar duka. Tafiya mai sauri ta minti 30 kwana biyar a mako ta cika adadin da ake nema, kuma ita ma tana taimakon barci da jini. Bayan wata ɗaya ko biyu ki sake ɗaga maganar, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, yayanki ko ƙanin mahaifinsa, ya sa baki a hankali.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe game da kukan nan. Gudu ya ba ki rabin sa'a da ba wanda yake kiran sunanki, ba ɗalibi, ba ɗa, ba miji, kuma ina jin a nan ne zuciyarki ta samu sararin yin makokin da hidima ta hana ta. Wannan alheri ne, ki riƙe shi. Amma idan kika ga rashin barcin da kukan sun ci gaba, ko abinci ya fita ranki, ko kin daina jin daɗin komai, ki gaya wa likitanki ƙarara kamar yadda kika gaya mini. Damuwa mai tsanani ciwo ce da ake magani, kuma bai kamata a bar wa takalmin gudu shi kaɗai ba.

Ki kuma yi la'akari da yanayin garinmu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40, don haka sassafe ne kawai lokacinki, da hijabi mara nauyi mai haske, ki sha ruwa kafin ki fita da bayan kin dawo. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri ki yi naki a ɗaki, ƙurar ba ta yi wa ƙirji daɗi. Da azumi ki mayar da shi bayan shan ruwa, ki rage yawansa. Idan zazzaɓi ya kama ki, ko na cizon sauro ne ko na mura, ba gudu sai kin warke sarai. Ranar da kika auna jini kika ga ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, asibiti za ki nufa. Idan kuma kina cikin gudu kika ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, ko haki wanda bai yi kama da na kullum ba, ki tsaya nan take a kai ki asibiti, kada ki ce bari in ƙarasa zagayen. Ki gaya wa abokiyarki waɗannan alamomin ita ma, kuma lambar maigida ta kasance a wurinta.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji abin da aka ce game da gwiwar da kuma wurin da kuka daidaita a kai. Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninku.